Sansusi: fadar sarkin da ya gina gida don ya tsere ma damuwa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. In haka ne, to akwai wani gida cikin ƙasar Jamus wanda linzaminsa bai riƙe mai shi ba. Gidan yana birnin Fotsdam, kudu maso yamma da Barlin, tafiyar abin da bai kai sa'a guda ba cikin jirgin ƙasa. An rubuta sunansa da manyan baƙaƙe masu ruwan zinariya bisa goshin ginin, kuma ba da jamusanci ba, da faransanci: SANS, SOUCI. Duk wanda ya taɓa zama bencin lakwal ba ya bukatar tafinta. Ma'anar ita ce "ba damuwa". Waƙafin nan da aka sa tsakanin kalmomin biyu, har yau masana na gardama bisa abin da ake nufi da shi.

Wanda ya sa sunan shi ne Firederik na II, sarkin Purusiya, wanda ya yi mulki daga 1740 zuwa 1786, Jamusawa kuma suka yi masa laƙabi da "Babba". Ya ci ƙasashe da yaƙi, ya tanƙwara manyan daulolin Turai, amma cikin wanga ƙaramin gida da ya gina don hutawa, abubuwa uku sun ƙi bin umurninsa: ruwa, da aboki, da kabari.

Ɗan da ubansa bai gane ba

An haifi Firederik cikin shekara ta 1712. Ubansa, sarki Firederik Wilhem na I, mutum ne mai tsanani, ba abin da ke burge shi sai soja da tattalin kuɗɗi. Ɗan kuwa ya taso da son busa sarewa, da karatun littattafan Faransa, da rubuta waƙe. Uban ya ɗauki wannan lalaci ne, har yakan doke shi gaban fadawa. Cikin 1730, yana da shekara 18, yarima ya ƙulla gudu zuwa Ingila tare da taimakon amininsa, wani hafsan soja mai suna Hans Hermann von Katte. Asiri ya tonu. Sarki ya kulle ɗansa cikin kurkukun Küstrin, kuma ranar 6 ga watan Nuwamba aka fille kan Katte, bayan an ba da umurni a tsai da yarima bakin taga ya gani da idonsa.

Wanda aka yi ma haka yana saurayi, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana neman wurin da babu mai taka masa burki. Amma da ya hau gado cikin 1740, bai nemi hutu ba tukuna. Kafin shekarar ta ƙare ya auka ma lardin Silesiya, ya ƙwace shi daga hannun sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya. Daga nan aka buɗe ƙofar yaƙe-yaƙen da suka ci rabin zamaninsa.

Tudun inabi

Kafin gida, gona aka fara yi. Cikin watan Agusta na 1744, sarki ya ba da umurni a gyara wani tudu da ke bayan garin Fotsdam, a yanka gefensa na kudu hawa shida, kamar matakala ta ƙattai. Aka dasa inabi jikin bangayen, aka sa itatuwan ɓaure cikin gurabu masu ƙyauren gilashi domin sanyin arewa kada ya kashe su. Da gonar ta kankama, sai ya zana ma kansa da hannunsa irin gidan da yake so bisa ƙololuwar tudun, ya miƙa ma babban maginin fada, Georg Wenzeslaus von Knobelsdorff. An aza tubalin farko ranar 14 ga watan Afirilu na 1745, alhali sarki yana bakin dāga a yaƙin Silesiya na biyu, kuma aka buɗe gidan ranar 1 ga watan Mayu na 1747.

Tun wurin aikin hali ya bayyana. Knobelsdorff ya ba da shawara a ɗaga ginin bisa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a kuma matso da shi bakin tudu, don a tsare shi daga danshi, mai tsayuwa can ƙasa kuma ya gan shi baki ɗaya. Sarki ya ƙi. Shi so yake ya fito daga ɗakinsa ya taka lambu ba tare da hawa ko sauka ba. Gardama ta yi tsanani har aka janye maginin daga aikin cikin 1746, wani mai suna Jan Bouman ya ƙarasa. Lokaci ya ba Knobelsdorff gaskiya: danshi ya dami ɗakunan, kuma har yau wanda ya tsaya gindin tudun sai ya ga kamar fadar ta nutse har ƙugu.

Wanda ya ji an ce fada, ya zo da tunanin Bersai ta sarakunan Faransa, zai sha mamaki. Sansusi ba bene ba ce, hawa guda ce, kuma ɗakunanta sha biyu ne kacal. Tsakiya akwai zauren shiga da babban zauren marmara mai ƙubba. Gabas sashen sarki ne, yamma ɗakunan baƙi biyar. Daga waje, ta fuskar lambu, gumakan dutse 36, maza da mata, sun tallafe rufin suna murmushi kamar masu dawowa daga biki. Ta fuskar arewa kuma ginshiƙai 88 sun yi rabin da'ira sun rungumi farfajiya. A nan sarki yake zama tun ƙarshen watan Afirilu har farkon Oktoba. Matarsa, sarauniya Elizabet Kiristin, ba ta da ɗaki ciki. Ya ajiye ta wata fada can kusa da Barlin, kuma bai taɓa zama da ita a Sansusi ba.

Mene ne rokoko?

Salon adon da aka yi ma gidan shi ake kira rokoko. Ya samo asali ne daga Faransa a farkon ƙarni na 18, sunan kuma daga wata kalmar faransanci da ke nufin adon tsakuwa da ƙwanson kifin teku. Kafinsa, fadojin Turai suna da nauyi da kwarjini, an gina su don baƙo ya ji ya ƙanƙance. Rokoko ya zo da sauƙi da wasa: ba ya son miƙaƙƙen layi, ba ya tilasta ma dama ta yi daidai da hagu. Sai ka ga reshe na zinariya ya taso daga bango ya haye rufi, furanni da tsuntsaye da ƴaƴan itace suna bin sa, madubai suna ninka hasken taga.

Inda wanga salo ya kai matuƙa a Sansusi shi ne ɗakin kiɗa. Can tsakiyar rufin an saƙa yanar gizo da zinariya, har da gizo-gizon a ciki. A ɗakin ne sarki yake busa sarewa da maraice, malaminsa Johann Joachim Quantz na sauraro. Cikin makaɗan fadarsa kuma akwai Carl Philipp Emanuel Bach, ɗan shahararren Bach. Daga ɗakin aikin sarki wata ƴar siririyar hanya ta kai ga ɗakin karatu, kewayayye, mai bango na katakon al'ul. Littattafai sun haura 2000 a ciki, kuma kusan dukansu da faransanci, har na Girkawa da Rumawan dā fassararsu ya karanta. Sarkin Jamusawa ne, amma jamusanci bai ɗauke shi harshen ilimi ba; da faransanci yake tunani, da shi yake rubutu.

Ruwan da ya ƙi tashi

Lambun sarauta a Turai ta wancan zamani ba ya cika sai da maɓuɓɓuga mai feshin ruwa sama. Firederik ya sa aka haƙa tafki gindin tudun, aka gina babban matarin ruwa bisa wani tudu da ke arewa cikin 1748, da niyyar injinan iska su jawo ruwa daga kogin Havel su cika shi, nauyin ruwan kuma ya tunkuɗo feshin. Aka kira gwanaye daga ƙasashe, aka nemi lissafin babban masanin nan Leonhard Euler cikin 1749. Amma bututun katako da aka fara sawa fashewa suka riƙa yi, kuɗɗi na zuba kamar cikin rariya. Sau ɗaya tak, cikin 1754, aka ga ruwa ya tashi daga wata maɓuɓɓuga, bai kuwa daɗe ba ya kwanta. Daga ƙarshe sarki ya haƙura. Ya rayu shekara kusan arba'in yana duban tafkin da ba ya motsi.

Sai cikin 1842, shekara 56 bayan rasuwarsa, ruwan ya tashi, ya kai tsawon mita 38. Injin tururi ne ya yi aikin, zamanin sarki Firederik Wilhem na IV. Kuma a nan akwai abin da ke ɗaure ma baƙo kai: gidan da aka ajiye injin, can bakin ruwan Havel, an gina shi ne da siffar masallaci, da ƙubba da hasumiya. Magini Ludwig Persius ne ya tsara shi tsakanin 1841 da 1843. Ba a taɓa yin salla ciki ba, ba kuma don salla aka yi shi ba. Hasumiyar bututun hayaƙi ce. Sarkin lokacin ba ya son ya hango muni daga lambunsa, shi ya sa aka tufatar da injin da rigar gabas, kamar yadda Turawan wancan ƙarni suke aron siffofin wasu al'ummu don ado kawai.

Baƙon da ya tafi da fushi

Abin da Firederik ya fi so a Sansusi shi ne teburin cin abinci da masana, inda ake muhawara bisa falsafa da addini da adabi. Tauraron teburin shi ne Bolter (Voltaire), marubucin Faransa, wanda suka yi shekaru suna musayar wasiƙu tun sarki yana yarima. Ya iso cikin 1750, aka ba shi muƙami a fada da albashi mai tsoka, aikinsa kuma ya gyara ma sarki rubuce-rubucensa.

To amma zakara biyu ba su cara a akurki ɗaya. Labari ya iske Bolter cewa sarki ya kamanta shi da lemu, wanda ake matsewa a yar da ɓawon. Shi kuma ya rubuta wata ƙasida ta ba'a ga Maupertuis, shugaban majalisar masana ta Barlin; sarki ya fusata, ya sa aka ƙone ta bainar jama'a cikin watan Disamba na 1752. Bolter ya bar ƙasar cikin Maris na 1753, kuma da ya kai Farankfot, wakilin sarki ya tsare shi makonni, don a karɓe wani littafin waƙoƙin sarki da ke cikin kayansa. Daga baya sun koma rubuta ma juna har rasuwar Bolter cikin 1778, amma ba su sake haɗa ido ba. Akwai ɗakin baƙi guda a fadar da ake kira da sunansa, mai bango rawaya cike da sassaƙen birai da aku da ƴaƴan itace, ko da yake an gama adonsa ne daidai lokacin da zumuncin ya riga ya tsinke.

Mai niƙa da alƙalai

Bayan fadar, jifa kaɗan, akwai injin niƙa mai aiki da iska. Ya riga gidan zuwa wurin, kuma a kansa ne aka ƙulla labarin da ya fi kowane yaɗuwa. Wai ƙarar injin ta hana sarki sakewa, ya nemi saye, mai niƙa ya ƙi. Sarki ya ce zai ƙwace, mai niƙa ya tuna masa cewa akwai alƙalai a Barlin, sai sarki ya janye. Wani mawaƙin Faransa, François Andrieux, ya mai da shi waƙe a ƙarshen ƙarni na 18, ta haka ya zagaya makarantu.

Labarin ya yi daɗi, sai dai almara ce. Sarki ba ya ƙin injin, yana ganin ƙawa ce ga lambu. Mai niƙan ne ma yake kuka cewa gine-ginen sarki sun tare masa iska. Shari'ar gaskiya ta faru ne wani wuri, da wani mai niƙa mai suna Arnold, wanda kotuna suka kayar. Cikin 1779 sarki ya ga kamar an zalunci talaka, ya soke hukuncin da kansa, ya tuɓe shugaban ma'aikatar shari'a, ya jefa wasu alƙalai kurkuku. Talakawa sun yi masa tafi. Amma mai lura zai ga almara da tarihi sun juya ma juna baya: a cikin ɗaya alƙali ya fi ƙarfin sarki, a cikin ɗaya sarki ya taka alƙali. Mutane sun riƙe wadda suke fata ta zama gaskiya.

Gawar da ta yi yawon shekara 205

Yaƙin Shekara Bakwai, daga 1756 zuwa 1763, ya haɗa Firederik da Ostiriya da Faransa da Rasha gaba ɗaya. Ya tsira da Silesiya, amma dubban ɗaruruwan mutanen ƙasarsa sun halaka, shi kansa ya dawo tsoho tun bai kai shekara 52 ba. Don ya nuna ma duniya cewa baitulmalinsa bai bushe ba, ya gina Sabuwar Fada a ƙarshen lambun, mai ɗakuna fiye da 200, aka gama cikin 1769. Shi da bakinsa ya kira ta aikin fankama, kuma bai cika kwana ciki ba. Ya ƙare kwanakinsa a ƙaramin gidan, abokan dā sun mutu ɗaya bayan ɗaya, karnukansa na farauta ne kaɗai ba su rabu da shi ba. Ya cika ranar 17 ga watan Agusta na 1786, bisa wata kujera cikin ɗakin aikinsa. Bai bar ɗa ba.

Tun 1744, kafin a aza tubalin gidan, ya sa aka gina masa kushewa a hawa na sama na tudun. Cikin wasiyyarsa ya nemi a sa shi nan, da dare, ba taro ba shagali, kusa da karnukansa. Magajinsa, ɗan ƙanensa, ya ga haka bai dace da sarki ba, ya kai shi cocin sojoji na Fotsdam ya kwantar da shi kusa da uban da ya wahalshe shi. Can Nafoliyon ya ziyarci kabarin cikin 1806, bayan ya murƙushe Purusiya. Can kuma Hitila ya yi bikinsa na ranar 21 ga Maris na 1933, yana neman ya yafa rigar tsohon sarki.

Cikin 1943, don tsoron bama-bamai, aka ɗauke akwatin gawar aka ɓoye; cikin 1945 aka kai shi ramin haƙar gishiri a Bernterode, inda sojojin Amurka suka tarar da shi. Daga nan sai Marburg, sannan cikin 1952 sai gidan kakanninsa na Hohenzollern a kudancin Jamus. Fotsdam kuwa ta faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas. Sai bayan haɗewar ƙasar, ranar 17 ga Agusta na 1991, aka kawo shi Sansusi, aka saukar da shi cikin kushewarsa da tsakar dare. Shugaban gwamnati na lokacin, Helmut Kol, ya halarta, amma a matsayin ɗan ƙasa kawai. Sarkin da kalmarsa take doka, sai da wasiyyarsa ta jira shekara 205.

Ga mai niyyar ziyara

Gani ya kori ji. Ruwan bama-baman da ya rusa tsakiyar Fotsdam daren 14 ga Afirilu na 1945 bai taɓa Sansusi ba, sai injin niƙa ne ya ƙone cikin faɗan ƙarshen yaƙin, aka sake gina shi, ya koma aiki cikin 1993. Fadar ta zama gidan tarihi tun 1927, kuma cikin 1990 hukumar UNESCO ta sa ta, da sauran fadojin Fotsdam da Barlin, cikin jerin kayan gadon duniya.

Daga Barlin jirgin ƙasa ake shiga zuwa babbar tashar Fotsdam, daga can motar bis ta kai mutum har kusa da ƙofa. Ranar Litinin fadar a rufe take. Da yake ɗakunan ƙanana ne, kowane tikiti yana ɗauke da sa'ar shigarsa, don haka cikin watannin zafi, lokacin da baƙi ke yawa, gara a yanka tun da wuri. Kewaya cikin gidan ba ya cin sa'a guda. Lambun ne ke cin yini: ya kusa hekta 300, babbar hanyarsa ta haura kilomita 2, daga gabas har Sabuwar Fada. A hanya akwai Gidan Sin mai gumaka masu ruwan zinariya, da gidan zane-zane da aka gama cikin 1764. Mai zuwa ya tanadi takalmi mai daɗin tafiya. Ya kuma ɗaga kai ya dubi itatuwa: farin da ya addabi yankin tun daga 2018 ya kashe da yawa daga cikin tsofaffinsu, ya raunana wasu. Ruwan da ya ƙi sarki, shi ne damuwar masu kula da lambun a yau.

Shawara ita ce a faro daga ƙasa, daga bakin tafki, a hau matakala 132 sannu a hankali, ana ganin ƙubbar tana fitowa kaɗan-kaɗan. In an kai sama, kafin a shiga gida, a karkata dama. Can gefe, cikin ciyawa, akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ba kome bisansa sai suna, kusa da ƙananan duwatsu masu sunayen karnuka. Kusan kullum za a tarar da dankalin turawa zube a kai. Baƙi ne ke ajiyewa, don tunawa da umurnin da ya bayar, musamman na 1756, cewa a yaɗa noman dankali cikin lardunansa saboda maganin yunwa. Ba shi ya kawo dankali ƙasar ba, manoma ma sun daɗe suna ja da baya kafin su karɓa. Silesiya, wadda ya zubar da jinin jama'a a kanta, mafi yawanta yau cikin ƙasar Folan take. Purusiya kanta an shafe sunanta daga taswira cikin 1947. Abin da mai ziyara ke durƙusawa ya ajiye bisa kabarin shi ne abin da ya shiga tukunyar talaka.